An tsayar da maigidana a coci saboda kuɗin kwano, ya daina zuwa

Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni 'yar Katolika ce, muna zaune a wani ƙauye ta wajen Sumaila. Cocinmu reshe ne, Fada yana zuwa mana sau ɗaya a wata, da damina ma in rafi ya kawo sai a tsallake. Sauran ranakun Lahadi katikis, wato malamin koyar da addini wanda ba Fada ba, shi ke bi da mu. Bara iska ta yaye rufin cocin, kwamiti ya yanka wa kowane magidanci naira 10,000 don a sayi kwano. Mu kuwa shekarar ba ta yi mana kyau ba, taki ya gagare mu, hatsin bai kai mu bazara ba. Wata Lahadi a lokacin sanarwa aka karanta sunayen waɗanda ba su biya ba, aka ce su miƙe tsaye, har da maigidana. Yara suka yi dariya. Tun daga ranar bai sake taka ƙofar coci ba. Yana cewa ai abin da katikis ke yi ba Mas ba ne, don haka ba shi da laifi, ran Lahadi ma kasuwa yake tafiya. Wata huɗu ke nan da na haihu. Na je a rubuta jaririyar cikin masu baftisma, katikis ya ce sai an cika katin biyan kuɗin coci na gidanmu. Ni ma yanzu kunya ta hana ni zuwa, ga ankon zumuntar mata na bana ban yi ba. In na yi wa maigidan magana sai faɗa. Da gaske ne ba za a yi wa 'yata baftisma ba sai mun biya? Kuma yaya zan yi da shi?

Wata 'yarki daga karkara.

'Yata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana ita. Da jaririyar zan fara, don ita ce ba ta ci bashin kowa ba.

Ba gaskiya ba ne cewa sai kun biya kuɗin kwano za a yi mata baftisma. Ikkilisiyarmu tana da kundin dokoki wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, kuma yadda yake aiki a Roma haka yake aiki a ƙauyenku. Doka ta 848 a cikinsa ta hana mai ba da sakramenti neman wani abu fiye da baikon da shugabannin ikkilisiya suka ƙayyade, ta kuma ja masa kunne kada talauci ya hana mabukaci samun sakramenti. Ko wannan ɗan baikon na ranar baftisma, in babu, babu ne, ba a korar yaro a kansa. Balle kuɗin rufi, wanda kwamitin ƙauye ya zauna ya yanka. Doka ta 867 ma ku iyaye ta ɗora wa nauyi, cewa ku nemi a yi wa jariri baftisma cikin makonnin farko bayan haihuwa. To ta yaya ikkilisiya za ta ce ki gaggauta, sannan ta tare miki ƙofa da littafin bashi?

Amma akwai abin da Fada yake da ikon dubawa, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Doka ta 868 tana neman abu biyu: yardar iyaye, ko da ɗaya daga cikinsu ne, da kuma kyakkyawan zato cewa yaron zai tashi cikin bangaskiyar Katolika. In wannan zaton ya ɓace gaba ɗaya, ana iya ɗage baftisma. Kin ga ke nan yardarki ke kaɗai ta wadatar ko da maigida yana fushi. Abin da zai iya ja muku jinkiri ba naira 10,000 ba ce, zaman da kuka yi a gida ne, ku biyun. In Fada ya tambaya aka ce ai mutanen gidan nan an daɗe ba a gan su ba, uba ba ya zuwa, uwa ma ta ɗauke ƙafa, dole ya tsaya ya yi tunani. Saboda haka ko don ita, ki koma. Sauran abin da katikis zai nema, wato ki halarci koyarwar iyaye, ki kawo uwar baftisma wadda ta kai shekara 16, an yi mata tabbatarwa, tana kuma karɓar Jibin Ubangiji, duk haƙƙinsa ne ya nema, kada ki haɗa su da maganar kati.

Wani abu kuma da kowace uwa a ƙauye ya kamata ta sani, musamman da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro da yankewar hanya. In jariri ya kamu da ciwon da ake jin tsoron rai, ba a jiran Fada, ba a jiran kati. Kowa yana iya yi masa baftisma, har ke. Ki zuba masa ruwa mai tsabta a ka kina cewa, "Ina yi miki baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki," da niyyar yin abin da ikkilisiya ke yi. Daga baya a sanar da Fada ya rubuta. Allah ya kiyaye, amma ki riƙe wannan, kuma kada ya hana ki garzayawa asibiti.

Yanzu da kika san doka tana bayanki, kada ki ɗauke ta ki je ki dafa wa katikis a ka a gaban jama'a. Za ki ci nasara ran nan, ki kuma sayi gaba ta shekaru a garin da rijiyarku ɗaya. Ki same shi a gida da yamma, ki gaishe shi, ki ce kina so ki ga Fada a kan maganar yarinya in ya zo, don kada ya ji daga sama. Ranar da Fada ya zo, ki tafi da shugabar zumunta ko matar da kika zaɓa ta zama uwar baftisma, ki faɗa masa gaskiya a gajarce: ga jaririya, ga bashin da ke kanmu, ba mu ƙi biya ba, babu ne. In kina ganin ranar zai yi hanzarin wucewa wani reshen, ki shirya ki je babban cocin farish a tsakiyar mako. In har, wanda ba na zato, aka sake ce miki sai kuɗi, to akwai ofishin Bishop a Kano, kuma kowane ɗan ikkilisiya yana da ikon kai kukansa can cikin ladabi.

Ba na so ki tsani katikis ɗin nan. Ki duba yadda abin yake. Dayosis ɗin Kano, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop, wanda aka fara keɓe shi a 1991 ya kuma zama cikakken dayosis a 1999, ya haɗa jihohi biyu ne, Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Jigawa mai 27. Daga babban cocin Our Lady of Fatima da ke Sabon Gari zuwa ƙauyukan Sumaila, Tudun Wada ko Rogo tafiya ce, kuma Fada ɗaya yakan riƙe rassa da yawa. Wanda ke riƙe da ikkilisiya a ƙauye daga wata zuwa wata katikis ne. Manomi ne kamar mijinki, taki ya gagare shi kamar yadda ya gagare ku, ɗan abin da ake ba shi sau da yawa ba ya isa, ba ya kuma zuwa a kan lokaci. Shi ake bugawa ƙofa da tsakar dare in wani yana shirin cikawa, shi ke koya wa yara addu'a a gindin bishiya. Marigayi Fafaroma Francis ya san nauyin wannan aiki, shi ya sa a 2021 ya mai da shi hidima mai tsari a ikkilisiya. To mutum ne a matse, kwamiti na tambayarsa kuɗin kwano, farish na tambayarsa na reshe, shi kuma abin da ke hannunsa kaɗai littafin rajista ne. Sai ya mai da shi sanda. Kuskure ne, amma kuskuren wanda aka ƙure ne, kuma mai yiwuwa haka ya tarar ana yi.

Maganar tsayar da mutane kuwa, ba zan yi mata kwana-kwana ba. Ba daidai ba ne. Magidanci, a gaban matarsa, da 'ya'yansa, da surukansa, a ce ya miƙe don a ga talaucinsa, a cikin ɗakin da ya zo neman fuskar Allah? Duk wanda ya san zaman ƙauye ya san mutum zai kwana da yunwa bai faɗa wa maƙwabci ba, don ya rufa wa kansa asiri. Wannan asirin aka tona. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta yi faɗa mai zafi a kan majami'ar da ke girmama mai zobe ta ƙasƙantar da matalauci. A Markus sura 12, wadda Yesu ya yaba a wurin zuba baiko gwauruwa ce mai anini biyu. Na san abin da 'yan kwamiti za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba: ruwa na zuba a kan bagadi, kuɗin bandir ɗin kwano kullum hawa yake yi, in ba a matsa ba mutane ba sa bayarwa. Doka ta 222 ma ta ce wajibi ne masu bi su taimaka wa buƙatun ikkilisiya. Amma taimako gwargwadon ƙarfi ne. Aibin yana wajen yanka kuɗi ɗaya ga kowa, mai shanun noma da mai fartanya, mai ɗa a birni yana aiko masa da wanda ba shi da kowa. In ana son a karanta wani abu a lokacin sanarwa, a karanta nawa ya shigo, nawa aka kashe, bandir nawa aka saya, saura nawa. Wannan ma doka ta 1287 ta ɗora wa masu riƙe da dukiyar ikkilisiya, su ba jama'a bayanin abin da jama'a suka bayar. Na sha ganin inda lissafi a fili ya fito da kuɗin da barazana ta kasa fitarwa.

Sai hujjar maigidanki. Yana da rabin gaskiya, kuma gara ki sani don kada ki yi ta musu a inda ba ki da ƙafa. Abin da katikis ke yi ba Mas ba ne. Ba ya keɓe gurasa da ruwan inabi, ba shi da wannan ikon, Fada ne kawai. Doka ta 1247 ta wajabta Mas ran Lahadi, amma ta 1248 ta san akwai wuraren da babu firist. Ta ce a irin wannan hali ana ƙarfafa masu bi ƙwarai su halarci sujadar Maganar Allah in ana yin ta a cocinsu, in kuma babu, su keɓe lokaci su yi addu'a su kaɗai ko da iyalinsu. A 1988 Roma ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan yadda za a yi sujadar Lahadi inda babu firist. Wato ba katikis ne ya ƙirƙiro ta don ya cike gurbi ba. Karatun da yake yi muku daga Tsohon Alkawari, da Zabura, da wasiƙun manzanni, da Bishara, shi ne dai ake karantawa a wannan Lahadin a Kano da Kaduna da Roma, bisa tsarin shekara uku da ke bin Matiyu, Markus da Luka. To in ya ce ba a wajabta masa ba kamar yadda aka wajabta Mas, ba zan ce ya yi ƙarya ba. Sai dai Lahadin da Fada ke zuwa fa? Ita ma ba ya zuwa. Kuma shekaru nawa ya yi yana zama a bayan wannan katikis ɗin bai taɓa cewa ba Mas ba ne? Kin ga hujjar daga baya ta zo. Ciwon daban ne, ya dai samo abin da zai rufe shi da shi.

Kasuwa ma ba ita ce matsalar ba. Koyarwar ikkilisiya ta yarda buƙatar iyali na iya sa mutum aiki ran Lahadi, in bai mai da ita al'adar da za ta raba shi da ibada ba. Kuma ke da ni mun san kasuwar ƙauye ba ta cika sai rana ta take. Wanda ya tashi daga coci da hantsi zai tarar da ita.

Abin da nake ji masa tsoro ba littafin doka ba ne. Ki tuna Lahadi a cocinku. An buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a darbejiya, na farko, na biyu. Mata sun shigo da tulunsu da cakinsu, maza a gefe ɗaya, yara a tabarma a gaba. Lokacin baiko an jera ana rawa zuwa kwano, wannan da naira hamsin, wancan da ƙwai biyu, wata da kwanon gyaɗa. Bayan an tashi ba wanda ke saurin tafiya. A gindin bishiyar nan ake jin wa ke kwance ba lafiya, gonar wa za a yi wa gayya ran Talata, wa zai raka wa asibiti, 'yar wa ake nema da aure. A garin da ku 'yan kaɗan ne, wannan tsayuwar ita ce majalisarku, ita ce asusunku. Maƙwabtanku Musulmi da danginku da ke kan al'adar kakanni za su zo muku barka, za su zo gaisuwar mutuwa, wasu ma su fi ɗan'uwa amfani. Amma ranar da aka yi rashi a gidanku, waɗanda za su kwana suna waƙa, su yi addu'ar binnewa, mutanen cocin nan ne. Mutum na iya janyewa wata uku a ce fushi yake yi. In ya kai shekara biyu, an saba da rashinsa, shi ma ya saba, komawa ta zama abin kunya na biyu. Ga 'ya'yanku maza suna kallo, kuma yaro namiji ƙafar ubansa yake bi.

To yaya za ki yi da shi? Ki daina maganar da safiyar Lahadi, lokacin da kike ɗaura ɗankwali shi kuma yana neman takalmin kasuwa. A wannan sa'ar duk abin da kika faɗa, a kunnensa kin koma layin waɗanda suka tsayar da shi. Ki nemi dare, bayan tuwo, yara sun kwanta, ki ce masa abin da aka yi masa ba daidai ba ne, kuma ya yi miki ciwo. Ki tsaya nan, kada ki ɗora "amma". Ina kyautata zaton tun ranar ba wanda ya faɗa masa haka, har ke, don hankalinki ya tafi wajen mai da shi coci.

Bayan haka maganar ta maza ce. Wane ne yake jin nauyinsa? Uban baftismarsa, ko wanda ya tsaya muku a aure, ko wani dattijo da suke noma tare. Shi za ki samu. A Matiyu sura 5, wanda ya tuna ɗan'uwansa na da wata magana a kansa, shi aka ce ya bar baikonsa a gaban bagadi ya je su shirya tukuna. Wato nauyin tattaki yana kan waɗanda suka kunyata shi. In kin ga Fada, ki roƙe shi ya biyo ta gidanku ko na minti goma, ko ya sa shugaban kwamiti da katikis su zo. Ba sai sun durƙusa ba. Su zauna a zaure, su sha ruwa, su ce ba mu kyauta ba. Zumunta a ƙafa take, kuma magidanci da aka zo har gida aka ba shi haƙuri ya sami abin da zai faɗa wa kansa ranar da zai koma.

Bashin kuwa a bar shi ya faɗi yadda zai biya da bakinsa. Kaka na zuwa, ana iya karɓar tiyoyin dawa ko gero a kan farashin kasuwa, ko a haɗa da godiyar kaka. Ana iya karɓar ƙarfinsa: ɗibar yashi, buga bulo, miƙa wa kafinta kwano. In ma kwamiti ya ga dama ya rage masa. Abu biyu ne nake hana ki. Kada ku ci irin bashin nan da ake biya da hatsi ninki a kaka don ku wanke suna, za ku yi wa coci rufi ku buɗe rumbunku. Kada kuma ki sayar da akuyarki ki biya a ɓoye. Akuyar taki ce, na sani, ba wanda zai hana ki. Amma a ƙauye ba a ɓoye irin wannan, ma'aji zai faɗa wa matarsa, kafin mako ya zagayo an ce matarsa ce ta fanshe shi. Kin ƙara masa wata tsayuwar ke nan. In kina so ki taimaka da abinki, ki ba shi a hannu, a ɗaki, ya kai da kansa.

Ke kuma, Lahadin nan ki goya 'yarki ki tafi. Ta farkon ce mai nauyi, za ki ji kamar kowa ke yake kallo, alhali rabin matan jaririyar za su yi rububin karɓa. Anko ba sharaɗin shiga coci ba ne, ba kuma sharaɗin zama 'yar zumunta a gaban Allah ba. Ki faɗa wa shugabarku halin da kike ciki, ki ɗaura zanen da kike da shi. Ni dai na daɗe ina cewa wannan sabon anko da ake fitarwa kusan kowace shekara ya kori mata daga zumunta fiye da yadda ya jawo su, kuma shugabannin mata su ji wannan daga bakina.

Ba zan yi miki alkawarin zai koma da wuri ba. Wani sai Kirsimeti, wani sai Ista, lokacin da ya san ko ba komai ana son Katolika ya furta zunubi ya kuma karɓi Jibin Ubangiji sau ɗaya a shekara. Ranar baftismar ma ƙofa ce. Da zarar an sa rana ki faɗa masa, ki bar masa zaɓen sunan da za a yi mata baftisma da shi, kada ki ce "za ka zo?" Ki ce ga ranar. In ya zo, kada ki bari kowa ya yi masa "yau wace rana". In bai zo ba, a yi baftismar, ki kawo masa katin baftismar ya gani.

Kin ce ba shi kaɗai aka tsayar ba ran nan. Ki bincika sauran, su nawa ne har yanzu suke zuwa? Ki zagaya wajen matansu. In kun kai uku ko huɗu, ku sa shugabar zumunta ta kai maganar gaban kwamiti ranar da Fada yake nan, a nemi a daina karanta sunayen masu bashi, a kuma riƙa yanka kuɗi daki-daki gwargwadon ƙarfin gida. In ya fito daga bakinki ke kaɗai za a ce haushin mijinki ne, amma kwamitin ƙauye ba ya iya toshe kunne ga zumuntar mata, don ya san su wa ke share cocin da su wa ke cika kwanon baiko.